Gurbin da Aka Bari a Katin Uwani

Ku gyara zama. Yau ba tsokana na zo da ita ba, shari'a ce, kuma ni da na bar makaranta a aji uku saboda malamai sun fara tambayata amsa, ko ni ta gagare ni.

Uwani matar yayana Sallau ce. Cikinta na fari a ƙaramin asibitin garinmu ta yi awo, aka shigar da sunanta cikin kwamfuta. Da ya kai wata bakwai sai danginta suka zo suka tafi da ita goyon ciki ƙauyensu, Rafin Kanya. Can ta haihu, can ta yi wanka, ta dawo da ɗa namiji a bayanta. Ba wanda ya koma asibiti ya faɗa. A lissafin kwamfuta, Uwani ta shekara uku da ciki. Da ciki na biyu ya samu, Sallau ya ce wannan karon a gida za a yi, tunda na farko ma lafiya lau aka sauka. Ga mata uku da suka shiga maganar.

Ta farko Balaraba ce, mai shigar da bayanai a asibitin. Ranar da Uwani ta koma awo tare da Innarmu, Balaraba ta buɗe katinta ta ga gurbin yadda cikin farko ya ƙare ba komai. Ta tambaya. Ɗan fari ne, ga suruka a zaune, sai Uwani ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Inna ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, rubuta." Irin wannan gurbi ya fi ɗari biyu a kwamfutar, kuma an ce wa Balaraba ta cike su kafin masu duba aiki su zo. Ita kuwa ba ta rubuta abin da wanda ya gani da idonsa bai faɗa mata ba. Ta kira lambar da ke katin. Lambata ce, don ni ne mai waya a gidan lokacin. Na shaƙe murya na ce nan ofishin hukumar kama ɓeraye ne. Ta sake kira, na ce mutuwa na yi jiya. A na uku ta ce, "Ɗanliti, na san muryarka. Wa ya karɓi haihuwar Uwani?" Na faɗa mata. Ranar hutunta ta hau motar kasuwa ta tafi Rafin Kanya.

Ta biyu Iya Tabawa ce, ungozomar ƙauyen. Ita kaɗai ta san abin da ya faru a ɗakin, ita da mahaifiyar Uwani. Yaro ya fito, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle har ya jiƙa zannuwa huɗu, Uwani ta suma tun hantsi ba ta farfaɗo ba sai la'asar. Ita kanta mai jegon ba ta san iyakar abin ba, an ce mata gajiya ce. Iyayenta sun roƙi Iya ta rufe bakinta, kada dangin miji su ce an yi sakaci da matarsu. Ga shi kuma an riga an ja wa ungozomomi kunne, duk wadda ta riƙe mai zubar jini a gida za a hana ta aiki. Iya Tabawa ta dubi Balaraba da littafinta, ta tambaya, "Wani cikin gare ta?" Aka ce e. Ta ce, "To rubuta, ki sa sunana a ƙasa." Ta faɗi komai. Har yau mahaifiyar Uwani ba ta amsa gaisuwarta, kuma an karɓe wa Iya jakar kayan aikin ungozoma da aka ba ta.

Ta uku Sista Hansatu ce, shugabar asibitin. Da bayanin ya shiga kwamfuta ta karanta, ta zo gidanmu da kanta. Ta ce mace da ta taɓa irin wannan zubar jini tana iya sakewa, don haka a babban asibiti za ta haihu, da jini a ajiye. Sallau ya ce kakanninsa duka a ɗaki aka haife su. Ta ce, "Ka ƙirga min matan da suka haife su, nawa suka ga ranar suna?" Sau huɗu tana zuwa kafin ya yarda. Ta sa aka gwada jinin dangi, mutum biyu suka dace: Sallau da ni. Sallau ya ba da leda ɗaya. Ni kuma, a rubuta wannan da kyau, ban gudu ba. Na ga allurar, sai na tuna na bar akuya a rana, kuma akuyar tana wani gari. Sista Hansatu ta nannaɗe hannun rigarta ta kwanta a gadon da na bari, don ita ma jininta ya dace.

Naƙuda ta zo wata Laraba da safe. Aka haifi mace, mabiyiya ta sake maƙalewa, jini ya ɓalle kamar na farko. Likita ya cire ta, aka ɗaura leda ta farko, ta ƙare, aka ɗaura ta biyu. Da azahar Uwani ta buɗe ido ta nemi kunu. Likitan ya ce da a gida ne, ko kuma da leda ɗaya ce kawai aka ajiye, da yanzu zaman makoki ake.

Sallau ya rantse a gaban jama'a cewa jaririyar za ta ci sunan wadda ta ceci uwarta. Bai yi tunanin su uku ba ne. Inna ta ce Balaraba, don da ta danna "lafiya" kamar yadda aka ce mata, ba wanda zai je Rafin Kanya. Uwani, daga bayan labule, ta ce Iya Tabawa, don da ta yi shiru da Balaraba ta dawo da littafi babu komai, kuma ita kaɗai ce gaskiyar ta ci wa aiki. Sallau ya ce Sista Hansatu, don rubutu ba ya shiga jijiya, jinin da ke yawo a jikin matarsa nata ne. Na kawo shawarar a haɗa sunayen uku, liman ya ce in fita masa daga zaure.

Suna jibi ne. An sayi rago, an kira wanzami, liman yana jiran abin da za a raɗa masa a kunne. To ku da kuka gama makarantar: Balaraba, Iya Tabawa ko Sista Hansatu, wace ce a cikinsu yarinyar nan za ta ci sunanta?