Kwandon Pesamino

Akwai wani masunci a ƙauyenmu na tsibirin Savai'i mai suna Pesamino, mutumin da sai ka kasa kunne sosai kake jin muryarsa. Kabarin matarsa Lupe yana ƙofar gidansa kamar yadda al'adarmu take, kuma a gefensa yake shan koko da yamma, yana ba ta labarin yadda teku ya wuni.

A wata shekara dattawa suka kafa sanduna a cikin ruwa, suka hana kamun kifi a tsakaninsu har kifi ya dawo. Wanda ya karya doka, kora ce daga ƙauye.

Sai aka fara ganin Pesamino da asuba, lokacin da sama da ruwa suke zama launi ɗaya. Yakan shiga tsakanin sandunan a hankali kamar mai tafiya cikin barci, ya fito da kwandon ganyen kwakwa a rufe.

Dattijo Ioelu, wanda babu muryar da yake son ji kamar tasa ta kansa, shi ya kai ƙara majalisa. Aka zauna, ba a ko kira Pesamino ba.

"Sau huɗu na gan shi da idona," in ji Ioelu. "Ya naɗe tabarmarsa ya bar mana gari."

Goggo Sieni, wadda ta shekara talatin tana aikin rubutu a kotu a birnin Apia kafin ta dawo gida da sarauta, ta ajiye mahucinta.

"Kifi ka gani, ko kwando?"

"To, addu'a yake ɗebowa a ciki?"

"Ioelu, idon nan naka da ya gaida bishiyar ayaba a zaton surukinka ne?" Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. "Tsarin mulkin ƙasar nan bai tsaya a bakin ƙauyenmu ba. Wanda ake zargi, a faɗa masa laifinsa, a bar shi ya kare kansa. Kafin nan ba shi da laifi. Za ku raba mutum da kabarin matarsa ba ku ji ta bakinsa ba?"

Washegari aka tare shi yana fitowa daga ruwa, aka kawo shi da kwandonsa. Ya zauna kai a sunkuye, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Na tausaya masa ƙwarai a ranar.

Goggo Sieni ta faɗa masa abin da ake zarginsa da shi, ta ce, "Yi magana, ɗana, muna jinka."

Ya daɗe yana neman bakin zance. "Lupe ce ta…"

"Za mu wuni a nan ke nan," in ji Ioelu. "Ga shaida a gabanmu." Ya fizgi kwandon ya cusa hannu don ya ciro kifi.

Ƙarar da ya yi sai da ta tashi tsuntsaye daga kan rufi. Babu kifi ko ɗaya. Alamea ce cike, halittar nan mai ƙaya da dafi da ke cinye murjanin da kifi ke fakewa a ciki.

"Su nake cirowa, Baba," in ji Pesamino, yana nuna yatsunsa a kumbure. "Aikin Lupe ne tun tana raye. In na shiga ruwan da asuba sai in ji kamar tana gabana, gashinta na yawo a kan ruwa, tana nuna mini inda suka ɓuya."

Ya kama hannun Ioelu, ya kifa cikin alamea ɗaya a kan raunin don ta zuƙe dafinta, yadda kakanninmu suke yi. Dattijon yana cije leɓe ya ce, "Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Baba."

Majalisa ta wanke shi daga zargi. Da yamma Pesamino yana gefen kabarin Lupe da kokonsa, yana da sabon labarin da zai ba ta.

Darasi: Ganin ido bai isa yanke hukunci ba. Kada ka hukunta kowa sai ka faɗa masa laifinsa ka kuma saurare shi har ya gama. Ku tura wa duk wanda kuka san hannunsa yana riga kunnensa.