Kurege da Tsiro Uku na Bakin Tafki

Mijina Malam Sambo ya rasu, bana shekara biyu. Tarunsa na rataye a zaure babu mai gyara shi, mashigin da yake tura jirginsa kuma ya toshe da kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana ruwa. Wannan tatsuniya tasa ce, ita yake yi wa 'yan gayya in sun fara ƙyuya. Ga ta nan, ku karɓa yadda na ji ta.

Kurege ɓarawon gyaɗa ne, amma bakin tafki fili ne fetal, duk inda ya gudu ana hangensa. Kullum sai Ɓauna mai gonar gyaɗar ta take masa wutsiya. Rannan ya ga wata baƙuwar ciyawa a gefen ruwa, tsiro uku kacal. Ya shiga tsakaninsu, ya ga sun rufe shi ruf. Ya ce, "Ni Kurege, na Allah ba ya kwana da yunwa. Yau gida ne ya zo ya same ni."

Belbela ma ta gani, ta ce za ta faɗa wa Dorina sarkin ruwa. Kurege ya ce ta je mana, amma ta tuna a garin nan wanda ya fara ganin gawa shi ake tambaya wa ya yi kisa, kuma kowa ya san ita ce mai yawon ƙasashe, za a ce ita ta kawo irin. Belbela ta haɗiye maganarta. Haka ya bi Kwaɗo, ya bi Zalɓe. Kowa ya gani, kowa yana jiran wani ya faɗa.

Da gari ya waye, uku sun zama talatin. Kafin damina ta zagayo, Dorina ta tashi juyawa ta ji babu wuri. Kada ya yi mako bai ga kifi ba, ruwa ya daina isa gonar Ɓauna. Aka buga gangar gayya.

Kurege ya ga za a rushe masa gida. Ya yi birgima cikin toka, ya naɗa rawani da saɓar maciji, ya cusa wutsiya a riga, ya iso yana dogara sanda. Ya ce shi ne Malam Gagara-Ciyawa daga gabas, ya kashe kacalla a tafki bakwai, a cikin ruwa ma aka yanke masa cibiya. Ladansa ƙwaryar gyaɗa kullum. Ya ce a sare ta a sama, a bar gindin. "Wadda aka yi wa aski a bainar jama'a ba ta sake ɗaga kai. Kunya ce za ta kashe ta."

Da gari ya waye, kacalla ta toho ninki biyu. Malam ya ce alamar nasara ce, ai mara lafiya yakan kumbura kafin ya tafi. A ƙaro gyaɗa.

Sai Goggo Kififfiya ta leƙo da kai. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma saboda gajarta a can ƙasan ruwa take gatsa tata, kuma duk wadda ta gatsa, ruwa na shiga karan ta ruɓe. Nan Belbela ta yi ta maza, ta faɗi wanda ya rufe mata baki tun ciyawar tana tsiro uku.

Kada ya dubi rawanin, ya dubi 'yan ƙafafun da ke ƙarƙashin riga. Ya ce, "Allah gafarta Malam, tunda a ruwa aka haife ka, sauko ka duba mana aikin Goggo."

Malam ya ce yana mura. Dorina ta ce ruwa maganinta ne, ta ture shi da hanci. Toka ta wanke, rawani ya bi ruwa, wutsiya ta taso. Ɓauna ta gane ta, don ta sha taka ta, ta kuwa ƙara mata ɗaya mai kyau.

'Yan gayya suka shiga nutso suna sare kacalla a ƙasan ruwa. Kurege ya hau tudu yana tari, yana ɗingishi. Ya ce, "Ku yi ta nutso. Tafki ba ɗaya ba ne, kuma ko'ina akwai mai gani ya yi shiru." Ya arce, audugar irin kacalla maƙale a wutsiyarsa.

A nan Malam Sambo yake kai ƙarshen tatsuniyar ya ɗauki laujensa.

Shekaranjiya na ga tsiro uku a magudanar da ke shayar da 'yar shinkafata, wadda da ita nake ci. Ban ko koma gida ba, na wuce wurin sarkin ruwanmu. Ya ce, "Iya, a kan ciyawa uku?" Na ce uku ɗin nan fa. Ya sa gayya ranar Asabar, zan ba da laujen.

Ku taya ni: Allah Ya jiƙan Malam Sambo, Ya buɗe mana ruwanmu, Ya buɗe bakin duk wanda ya gani. Amin.