Danƙo a Tutar Lambu

An ce a wani zamani mai nisa akwai Sarki Barmo, yana da 'ya ƙarama, Tasalla. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Wata damina amai da gudawa suka shigo gari, suka kwantar da ita. Allah ya raba mu da ganin ɗa a haka, ido ya faɗa, leɓe ya bushe.

Sarki ya ga duk abin da ta sha fita yake yi. Tsoro ya kama shi, ya sa aka yi shela: kada a ƙara ba mai wannan ciwo ruwa, har 'yarsa.

Waziri Cindo, wanda ya yi karatun magani a ƙuruciya, ya san sarki a firgice ba ya jin magana. To, a lambun fada akwai tuta a kan katanga. In an ɗaga ta, mai ban ruwa ya buɗe tafki, in an sauke ya toshe. Waziri ya sa aka ɗaga ta, ya liƙe igiyar da danƙo, sannan ya jawo Sarki.

Sarki ya tarar ruwa na ta kwarara, tafki ya kusa ƙafewa. Ya ce, "A kamo mini mai ban ruwan nan!"

Waziri ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, tuta ya bi. Ni na liƙe ta, a hukunta ni. Amma haka cikin Tasalla yake. A hanjin mutum akwai 'yan aike masu cewa a saki ruwa, a tsayar. Wasu halittu da ido ba ya gani sun shiga ta ruwan sha. Dafinsu bai kashe ɗan aiken ba, wani abu ya liƙa masa a jiki, ya maƙale a kan 'a saki'."

"To ka ɓamɓare mata, Waziri!"

"Hannu ba ya kaiwa can, Allah ya ba ka nasara. Sai dai 'yan aiken da aka liƙe tsufa suke yi, sababbi su maye gurbinsu cikin 'yan kwanaki. Namu shi ne kada tafkin ya ƙafe kafin nan."

Idon Sarki ya ciko. "Ashe ƙishirwa na ƙara mata."

Nan take ya janye dokar. Aka tafasa ruwa, aka sa ɗan gishiri da zuma, aka aika kowace unguwa su yi haka. Shi kuwa ya tuɓe rawani, ya ɗora kan yarinyar a cinyarsa, yana ɗiga mata da ludayi. Ta amayar, ya jira, ya sake ba ta. Haka dai, haka dai.

Wata safiya ta buɗe ido, ta yamutsa fuska. "Baba, gishirin ya yi yawa. Ni fura nake so."

Sarki ya yi dariya, hawaye na zuba kan gemunsa. Ya ce da Waziri, "Ka ji umarni. Maza a dama."

Nan hikayar ta tsaya, Allah ya raya mana namu.