Hoton Liyatu Mai Waina

A wani gari an yi wani mutum mai ɗaukar hoto, shagonsa yana bakin kasuwa. Gwani ne wajen gyaran fuska. Mace ta shiga da ƙuraje ta fito a takarda sumul, har mijinta ya tsaya yana tambayar wace ce wannan. Amma mutum ne mai tsoron Allah, hannunsa kuma a sake yake.

Ana nan sai ma'aikatan asibitin garin suka tashi wayar da kan jama'a a kan cutar ƙanjamau, gama mutane suna ta mutuwa a ɗaka saboda kunyar zuwa gwaji, alhali akwai maganin da ke riƙe mutum da ƙarfinsa. Mai hoton ya ce shi zai ɗauki hotunan masu shan maganin kyauta, a kafa jama'a su gani. Kaɗan ne suka yarda su zauna a gabansa. A cikinsu akwai Liyatu, wata gwauruwa mai tuyar waina, wadda ta daɗe tana shan maganin ba wanda ya sani.

Da ya wanke hotunan, tausayi ya kama shi. Sai ya ja baƙin layi a kan idanun kowa, yadda ya saba gani ana yi, don kada a gane su. A ransa ya yi babban alheri.

Liyatu ta zo ta daɗe tana kallon nata, sa'an nan ta ce, "Malam, me na sata?"

"Haba, Mama! Ai asirinki na rufa."

"Haka ake yi wa ɓarayi a jarida. Wa zai ga wannan ya je gwaji? Ka sake ɗauka. Ka same ni wurin tuya, zan ɗaura zanin zumuntar matan majami'armu, kada kuma ka goge mini ko tabo ɗaya."

Ya ji mata tsoro, gama ya san halin garinsu, ya kuma san da wannan waina take ciyar da 'ya'yanta. Ya roƙe ta, ta ƙi. Ya ɗauka ba da son ransa ba, aka kafa hoton a ƙofar asibiti da ta majami'a.

Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru. Masu sayen waina suka riƙa wucewa suna kawar da kai, kamar ba su ne jiya suke neman gyara ba. Ran Lahadi a majami'a, bencin da ta zauna ya zama nata ita kaɗai. Mai hoton ya yi baƙin ciki ƙwarai, yana cewa a ransa shi ya kashe mata kasuwa.

Sai ga shugabar zumuntar mata ta faɗo shagonsa, wata tsohuwa da ko fasto yake shakkar bakinta. Ta ce, "Kai ne ka manna zaninmu a bango?"

Ya ce, "Ni ne, Mama. Zan cire."

"Wa ya ce ka cire? Kuskurenka ɗaya ne, ɗana. Tun da nake ban taɓa ganin wannan zani ya fita shi kaɗai ba. Ko biki ko makoki, tare muke tafiya. Mu ma mun yi sakaci ran Lahadi. Ɗauko kyamararka."

Ya bi ta. Ga matan zumunta kewaye da tandar Liyatu, duk cikin zani iri ɗaya, kowacce ta sayi waina tana ci. Liyatu tana tsakiya tana kuka tana dariya. Tsohuwar ta daka masa tsawa, "Yi sauri kafin wainar ta huce!" Ya ɗauka, zuciyarsa cike da godiya ga Allah. Ba duka masu saye ne suka dawo ba, amma tandar ba ta ƙara yin sanyi ba, masu zuwa gwaji kuma suka ƙaru.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mai hoton shi ne duk wanda ya ba da baiwarsa kyauta, muna kuwa gode wa Allah dominsa. Amma ko mai kyakkyawar zuciya yakan ɓoye ɗan'uwansa yana tsammani taimakonsa yake yi. Liyatu ita ce wanda ya fito fili don waɗansu su rayu. Matan zumunta kuwa mu ne, ikilisiya, da jinkirinmu da tubanmu. Ubangijinmu bai ji kunyar a gan shi tare da mu ba. Saboda haka in kun san wanda ciwo ya sa aka guje shi, kada ku tsaya ga yi masa addu'a daga nesa. Ku je gidansa da rana tsaka, ku zauna, in ya ba ku ruwa ku sha.