Shaidar Gidan Tasalla

Bayan yaƙi ya lafa, aka naɗa Alhaji Ɗanjummai shugaban kwamitin diyya a Kurmin Gwanda. Ya kafa doka: duk wanda aka ƙona wa gida, sai ya kawo mutumin da ya ga wutar da idonsa.

Tasalla mai daddawa ta zo ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ɗakuna biyar aka ƙona mini, da rumbu."

"Ina shaidarki, Iya?"

"Ai ranar kowa ta kansa yake yi. Har awaki sun bar gari."

"To, ba shaida, ba diyya. Kuma ki ji tsoron Allah! Ni da kaina na ga gidan yana ci, 'yan bukkoki biyu ne."

Tasalla ta rangaɗa guɗa.

"Alhamdu lillahi, ga shaidata! Magatakarda, rubuta sunan Alhaji. Sai dai, ranka ya daɗe, mutanen da suka rage a gari ranar iri biyu ne: waɗanda muka dawo muka binne, da waɗanda suka zo da fetur da ashana. Kai kuwa ga ka garau. A cikin su wa za a sa ka?"

Alhaji ya share gumi.

"Iya, suɓutar baki ce. Ina birni ranar, ban ga komai ba."

"To wanda bai ga komai ba, a ina ya ƙirga bukkokina?"

"Magatakarda, rubuta mata ɗakuna biyar!"

"Da rumbu," in ji Tasalla. "Ko shi ma kana wurin aka ƙona shi?"