Wanzamin da Ya Binne Cindo

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, tun ana zuwa Makka a ƙafa. Ba zan faɗi sunan garin ba, don in na faɗa kowa zai saki jiki ya ce ai ba namu ba ne. Ku saurara. Ku na bayan nan masu ƙus-ƙus, ku ma ku saurara, da ku nake.

Wani bawan Allah ne, wanzami, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce na salla ba. Dukiyarsa zabira ce da aska da ƙaho, sai tunkiya guda a turke. Amma babu gidan da bai shiga ba a garin. Shi ke aske jariri ranar suna, shi ke yi wa yara kaciya, shi ke yi wa tsofaffi ƙaho. Kun san wanzami yana ganin abin da riga ta rufe. Nomau kuwa bai taɓa fitowa daga gidan wani da zance a bakinsa ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

A bakin garin akwai wata mata, Gwamma, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Hansai. Yarinya ce, ba ta wuce sha biyar ba. Ita ke zuwa gidajen masu hali tana yi musu daka da surfe, a ba ta tsaba ta kai wa uwarta. Ana nan, ana nan, sai ciki ya bayyana a jikin Hansai. Aka tsare ta, aka zage ta, aka doke ta, wai ta faɗi mai shi. Tsoro ya hana ta.

To jama'a, ku ji abin da garin nan ya yi. Mata suka hana ta ɗiban ruwa a rijiya sai kowa ya gama. Maza suka mai da ita abin hirar gindin bishiya. Yara suka yi mata waƙa. Ita kaɗai! Ni dai tun da nake ban taɓa jin macen da ta yi ciki ita kaɗai ba, in ba Nana Maryam ba, wannan kuwa aya ce ta Ubangiji. Amma a garin nan babu wanda ya ce ina namijin. Babu. Wanda ya yi yana cikinsu, yana sahu tare da su, yana cewa amin tare da su.

Allah Ya sauke ta lafiya, ta haifi mace. Ba wanda ya je barka. Ranar suna ta zo, babu liman, babu goro, babu ko tabarma a ƙofar gida. Jaririyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, aka yi mata hukunci tun ba ta buɗe ido sosai ba.

Da hantsi Nomau ya rataya zabirarsa, ya kwance tunkiyarsa, ya ja ta ya ratsa tsakiyar kasuwa, kowa na kallo. Ya yi sallama a ƙofar Gwamma. Ta fito, ta gan shi, ta ga tunkiya, sai ta ce, "Baba Wanzam, ko ɓatan hanya ka yi?"

Ya ce, "An yi haihuwa a gidan nan ko ba a yi ba?"

Ta ce, "An yi. Amma ka san irin haihuwar."

Ya ce, "Ni ubana bai koya mini aski iri biyu ba. Kawo ta."

Ya yanka tunkiyar da hannunsa. Ya tambayi Hansai sunan da take so, ta kasa magana don kuka, sai ya raɗa wa jaririyar Rahmatu. Ya jiƙa kan, ya aske. Da ya warware zanen da aka naɗe ta, sai ya ga hannun hagu. Ga ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsa. Cindo.

Ku saurara nan, nan ne gaɓar. A duk garin, gida ɗaya Nomau ya sani da cindo, gidan Alhaji Jatau dillalin shanu. Su kuwa abin kunya suka ɗauke shi. Da an haihu, kafin a fito da jariri, sai a kira wanzami a ɓoye ya ɗaure yatsan da zare, ya bushe ya faɗi, a binne. Uban Nomau ne ya ɗaure na Alhaji. Nomau da kansa ya ɗaure na Ilu, ɗan Alhajin, wanda a lokacin saurayi ne ɗan sha bakwai. Kuma a gidan ne Hansai ta fi yin daka.

Nomau ya ɗaga kai ya dubi Hansai. Ta sunkuyar da kai. Ta ce a hankali, "Baba, don Allah. In aka sani, korar mu za su yi daga garin, ni da Inna."

Ya ce, "'Yata, ni yatsa na gani. Ban ga komai ba bayan yatsa." Ya ɗaure shi. Da yatsan ya faɗi, ya komo ya binne shi a gindin katanga, ya taka wurin da ƙafarsa.

Kada ku ce ya yi shiru ne don tsoro. A'a. Da ranar askin Alhaji ta zagayo, suna zaure su biyu, aska na kan Alhaji, Nomau ya ce, "Alhaji, na ɗaure cindo a bakin gari."

Alhaji ya ce, "To, me ya shafe ni?"

Ya ce, "Ban ce kowa ya yi komai ba. Cindo ba shaida ba ne, ni ma na sani. Na dai ce gidan babu hatsi, kuma akwai mai jego."

Alhaji ya ce, "Gama askinka ka fita."

Kafin mako ya zagayo an haɗa Ilu da fatake, an tura shi kudu. Shi kuwa Alhaji bai yi ƙarya da baki cike ba, irinsu ba sa yi. Magana ɗaya ya jefa a majalisa, yana ɓare goro: "Wanda ya yanka tunkiyarsa, ai shi ya san dalili."

Shi ke nan. Wallahi shi ke nan. Kafin la'asar gari ya ɗauka: Nomau ne. Tsoho da furfurarsa! Mutumin da ya yi musu kaciya, ya aske 'ya'yansu, ya rufa asirin gidajensu shekara da shekaru, babu ko mutum ɗaya da ya tsaya ya ce a bincika. Daɗi ma suka ji. Sun gaji da zagin yarinya, ga sabon nama. Aka daina kiransa suna, aka koma ɗauko wanzami daga ƙauyen gaba. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa. An ce wanzami ba ya son jarfa, to shi an yi masa wadda ba ta gogewa, kuma da harshe aka yi ta.

Kuma fa maganin abin yana bakinsa. Kalma ɗaya ce. In da ya tsaya a kasuwa ya ce a duba hannun hagun Alhaji, a duba na Rahmatu, ga tabo nan iri ɗaya. Da ya wanke kansa tas. Liman ma ya kira shi gefe ya ce, "Nomau, in ka san wani abu ka faɗa, ka fita daga wannan ƙazanta."

Ya ce, "Allah gafarta malam, ni dai ban yi ba, kuma Allah Ya sani. Abin da na gani a gidan mutane kuwa amana ce. In na wanke rigata da asirin wata, ita wa zai wanke ta?"

Haka ya zauna. Shekaru suka tafi. Ya koma aski a bakin kasuwa, baƙi da matafiya kaɗai ke zama gabansa. Abin da ya samu ya raba biyu, rabi gidansa, rabi gidan Gwamma, mutane na cewa, "Kun gani? Yana ciyar da 'yarsa." Rahmatu ta tashi yara na kiranta 'yar wanzami, ba don girmamawa ba. Hansai kuwa ko mai sallama ba ta samu ba.

Alhaji Jatau ya mutu, aka cika gari da jana'iza, aka yi ta yabon halinsa. Ilu ya dawo ya gaji gida, ya yi aure da kiɗa da algaita. Shi ba wanda ya hana shi ɗiban ruwa. Sai dai mutane sun lura ba ya bin hanyar bakin gari, ko da ita ce mafi kusa. In ya hango Rahmatu da tallan gyaɗa, sai ya tuna yana da wani uzuri a wani lungu. Ya yi ƙiba, amma ba ya dariya.

Sai matarsa ta haihu, namiji. Aka warware zane, ga cindo a hannun hagu. To wa za a kira? Baƙon wanzami zai fita da zance. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan sirri kuma bai taɓa faɗa ba, shi ne wanda gidan ya kashe wa suna. Ilu ya taka da ƙafarsa har bakin kasuwa.

Ni da ku, da me za mu ce? Da mun ce yau ga ranarka. Nomau ya ɗauki zabira kawai ya bi shi. Da suka isa, ya ɗaure yatsan, ya yi wa yaron addu'a. Ilu na tsaye a kansa, ya ce, "Baba, cindo nawa ka ɗaure a garin nan?"

Ya ce, "Naka, da na wannan."

Ilu ya ce, "Sai kuma?"

Nomau ya rufe zabirarsa ya ce, "Sauran ka fi ni sani, ɗana."

Ranar suna ƙofar gida ta cika maƙil. Ilu ya sa aka shimfiɗa wa Nomau buzu a gaba. Aka fara gunaguni, wani har ya ce a fili, "Me wannan tsohon banza yake yi a cikin mutanen kirki?" Liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha, sai Ilu ya miƙe. Ya ɗaga hannun hagunsa sama, ya nuna tabon. Ya ce, "Jama'a, da cindo aka haife ni, da shi aka haifi ɗan nan. Rahmatu ta bakin gari ma da shi aka haife ta. Ni ne. Tsohon nan ya sani tun ranar sunanta, ya ɗauki kayana a kansa, ni ina kallo." Ya durƙusa gaban Nomau yana kuka, yana neman gafara.

Nomau ya kama kafaɗarsa ya ce, "Nawa na yafe tun tuni, ban iya kwana da shi ba. Amma ka fara daga inda ba nan ne farko ba. Tashi."

Ya rataya zabira ya shige gaba, Ilu na biye, har ƙofar Gwamma. Nomau kaɗai ne ƙafarsa ta saba da hanyar. Hansai ta fito da taɓarya a hannu, yarinyar da aka sani ta zama mace mai furfura tun ba ta kai ba. Ilu ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce, "Na ji. Rahmatu tana ciki. Ka shiga ka gaya mata da bakinka, ni na gaji da rasa amsar da zan ba ta."

Ya shiga. Daga ranar ya ɗauki cinta da suturarta, kuma bai sake kauce wa hanyar ba. Zancen nasaba da gado malamai sun yi bayaninsa, ba shi ne karatunmu na yau ba. Ko Hansai ta yafe masa? Ba a gaya mini ba, ni kuma ba zan ƙirƙira muku don ku ji daɗi ba. Haƙƙinta ne.

Amma ku ji abin da ya fi ƙona mini rai. Mutanen garin nan, da gari ya waye, suka yi ta yabon Ilu, wai namijin duniya, ya faɗi gaskiya. Suka yi layi gaban Nomau da kawunansu, "Baba Wanzam, dama mu mun san ba za ka aikata ba." Dama sun sani! Ƙofar Hansai kuwa, ko mutum ɗaya daga cikinsu bai taka ya ce ki yafe mana ba.

To jama'a, ga karatun. Zina zunubi ce babba, ba wanda ya ce ba haka ba. Amma mutum biyu ke yin ta, jaririn kuwa bai yi komai ba. Ƙazafi ma zunubi ne babba, shi kuma gari guda kan taru a yi shi ana cin goro. Ilu ya yi laifi ya tuba a gaban mutane. Nomau ya riƙe amana, ya biya da sunansa. Waɗanda ba su tuba ba su ne 'yan kallo, don su a ganinsu ba su yi komai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada ku fita nan kuna cewa Allah Ya saka wa Nomau, ku tafi gida ku ci tuwo. A unguwar nan akwai ƙofar da kowa ya daina sallama a cikinta. Kun san ta, ni ma na san ta. Akwai yaron da kuka hana 'ya'yanku wasa da shi, alhali wanda ya jawo yana gaisawa da ku kullum. Mai 'ya mace ya ji tsoron Allah, mai ɗa namiji ya fi shi jin tsoro. Wanda ya binne wani abu, ya tono shi da hannunsa tun yana da baki, don akwai ranar da hannaye za su yi magana, bakuna a rufe. Wanda kuma ya taɓa jefa irin maganar Alhaji Jatau a majalisa, ya san ƙofar da zai nufa kafin ya nufi gidansa.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu zama masu rufa na wasu. Ku tashi, hanyar ba ta da nisa.