Malamar da Ta Koma Benci

A wani gari akwai wata mata, malamar firamare, wadda ta daɗe tana roƙon Allah ya buɗe mata ƙofar jami'a. Bayan 'ya'yanta sun tasa, sai aka ɗauke ta karatun babban lissafi. Ta yi murna ƙwarai. Tun da sauran watanni a fara, ta aro littafin ajin farko ta buɗe. Ta duba shafi na ɗaya, ta duba na biyu, ba ta gane kome ba. Har ta yi niyyar barin gurbin ga wani.

Sai ta tafi wurin tsohon malaminta na sakandare, wanda ya yi ritaya, yana koya wa yara lissafi da yamma a gindin mangwaron gidansa. Ta ce, "Baba, kaina ya tsufa."

Ya karɓi littafin, ya rufe shi, ya ce, "Kanki lafiya lau, 'yata, mantuwa ce kawai. Ki zo gobe, mu koma aljabara, lissafin nan da ake yi da haruffa."

Da ta zo, ta tarar rabin yaran da suke kan benci ita ce ta koya musu ƙirga. Suka miƙe suna gaishe ta, "Sannu da zuwa, Malama." Kunya ta kama ta, amma ta ce su matsa mata, ta zauna.

Suka fara da aljabara, suka wuce lissafin kusurwoyi da alwatika, sannan farkon kalkulas, wato lissafin yadda abu yake canjawa. In ta yi kuskure a allo, yaran su yi dariya, ita ma ta taya su. A hankali abin da ta taɓa sani ya riƙa dawowa, har wata rana miya ta ƙone mata a wuta tana can tana warware lissafi da gawayi a bangon madafa.

Ranar da aka fara karatu a jami'a, malamin ya cika allo da doguwar tambaya. Sauran ɗalibai suka rasa ta inda za su fara. Ita kuwa da ta duba da kyau, sai ta ga aljabara ce da kusurwoyi aka haɗa wuri ɗaya. Ta ɗauki biro tana murmushi, ta bi ta daki-daki har ƙarshe. Ta koma gida tana waƙar yabo a bayan babur.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Littafin jami'ar shi ne aikin da Ubangiji yake kiranmu mu yi gaba. Bencin kuwa shi ne koyarwar farko: addu'a, gafarta wa juna, ƙaunar maƙwabci. Da yawa a cikinmu mun daɗe a ikilisiya har muna ganin mun wuce waɗannan. Dattijo ne kai ko shugabar zumuntar mata, kada girma ya hana ka komawa ka sake koyonsu, ko da tare da yaran da ka haifa ne. Ranar da babbar tambaya ta zo maka, da su za ka amsa.